Hanci Ƙasa, Gaba Kawai

Litinin, 1 ga Satumba

Yau ma na ja.

Mun tashi lafiya lau, titin jirgi yana ƙanƙancewa a bayanmu, ina ta yaba kaina a zuci. Sai Malam, mai koya min tuƙi, ya miƙa hannu ya zare totur, yadda ya saba, ba sallama ba gargaɗi, ya ce, "Inji ya mutu." Gwaji ne, na san gwaji ne. Abin da ake so in yi kuwa ko ɗan firamare zai haddace shi: in tura sitiyari gaba, hancin jirgi ya sunkuya don kada gudu ya ƙare, in zaɓi fili a gabana in nufe shi. Ba a juyowa titi. Ni kuwa sai na rungumo sitiyarin zuwa ƙirjina, hanci ya ɗaga, ƙararrawar gargaɗi ta kama kuka, wadda ke faɗin cewa fukafukai sun kusa daina ɗaukarmu. Malam ya ce ya karɓi tuƙi. Ya mayar da totur muka ci gaba da hawa.

Da muka sauka ya faɗa min abin da na riga na sani. Ba zai sa hannu in tashi ni kaɗai ba sai na daina ja, kuma makaranta ba ta riƙe ɗalibin da bai yi tashin kaɗaici ba zuwa ƙarshen Oktoba. Ko murya bai ɗaga ba. Da ma faɗa ya yi, da na samu wanda zan ji haushi ban da kaina.

Laraba, 3 ga Satumba

Baba ya tare ni a ƙofar gida da tambayarsa ta kullum, wai yaya mutanen sama. Na ce suna gaishe shi. Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babbar mota, gani yake jirgi ma tirela ce da aka yi wa fukafukai. Na ɗan taɓa masa zancen mutuwar inji, sai ya ce wannan ai ba abin tayar da hankali ba ne, sau nawa tasa ta mutu a tsakiyar tafiya, sai ka lallaɓa ka gangara gefen titi ka sa wa taya dutse. Na ce Baba, sama ba ta da gefen titi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce wannan sai ya kai wa abokansa.

Duk layinmu ya gama sanar da su cewa 'yarsa direbar jirgi ce. Duba-Sama yake ce min, tun ranar da na faɗa kwata ina kallon jirgi ina 'yar ƙarama, da sabon takalmi da komai. Sunana na yanka kuwa ban tuna rabon da in ji shi a bakinsa ba.

Ban gaya masa zancen Oktoba ba.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na ja. Kaɗan, in ji Malam. Kaɗan ɗin ma kashewa yake yi, in ji shi kuma.

Talata, 9 ga Satumba

Kafin kowane tashi akwai karatun da muke yi da baki a bakin titi, ƙafa a kan birki: in inji ya mutu muna ƙasa, birki; in ya mutu mun tashi, hanci ƙasa, gaba kawai, ba juyawa. Yau na rero shi tas, ko tuntuɓe babu. Malam ya ce bakina ya ci jarrabawa tuntuni, hannuna ne ke maimaita aji.

Na tambaye shi, da tsiwar nan tawa, me ya sa ba za a juya ba alhali ga titi nan shimfiɗe a baya, mai kyau, mai tsawo, a bar shi a je a faɗa gonar mutane. Sai da muka sauka ya ce in biyo shi. Bayan rumfar jirage akwai wani tarkace da ciyawa ta rufe, kullum nake wuce shi ina zaton tsohon ƙarfe ne kawai. Ashe jirgi ne irin namu. Fiffike ɗaya a naɗe kamar tabarma, kujerar hagu ta shige cikin allon agogai. Ya ce juyi cin tsayi yake yi, wanda ya tashi yanzu kuwa ba shi da tsayin da zai bayar. Mutumin ya hango titi, ransa ya biya, ya karkata, ya ja.

"Ya fi ki iya tuƙi," ya ce. "Ya fi ni ma a lokacin."

Ban tambayi ko ya rayu ba, ai na ga kujerar.

Asabar, 13 ga Satumba

Inna ta gane akwai matsala, ita ba a ɓoye mata. Na faɗa mata rabin gaskiya. Ita da ba ta taɓa son wannan karatun ba, kullum cewa take ƙasa ma ba a gama da ita ba balle sama, sai ga ta ta ɗauki aikin Malam. Ina wanki, ina cin abinci, ina fitowa daga wanka, sai in ji daga kicin, "Inji ya mutu!" Ni kuma in tura hannaye gaba da duk abin da ke cikinsu. Jiya kofin shayi ne, a kan zanenta ya ƙare. Ta ce ba komai, gara zane.

A gida ban taɓa ja ba ko sau ɗaya. To amma ai kicin ba ya faɗowa.

Alhamis, 18 ga Satumba

Dogo ya tashi shi kaɗai. Bayana ya zo makarantar nan, ni na nuna masa yadda ake duba mai a tanki. Da ya sauka aka yi masa abin da ake yi wa kowa a irin ranar, aka sheƙa masa bokitin ruwa tun bai gama fitowa ba, yana ihu yana dariya. Na yi tafi har hannuna ya yi zafi. Na yi masa murna, wallahi na yi. Na kuma shiga banɗaki na rufe ƙofa na zauna har aka watse.

A aji ni ce ta ɗaya. Ba abin da ban sani ba game da iska da fiffike. Sanin nan bai taɓa sauka zuwa yatsuna ba, a wuya yake tsayawa.

Litinin, 22 ga Satumba

Na tura!

Amma bari in rubuta gaskiya, tunda ba mai karantawa. Dabara na samu. Malam yana ɗora hannun hagunsa a kan gwiwa, kuma kafin ya kai wa totur sai yatsunsa sun ɗan motsa. Da gefen ido nake gadinsu. Suna motsawa na shirya, kafin ya rufe baki hanci ya sunkuya. Ya ce madalla. Rabona da wannan kalma daga bakinsa har na manta.

Ba inji nake saurare ba, gwiwar tsoho nake kallo. Ban san ko wannan koyo ne ko satar amsa ba.

Talata, 30 ga Satumba

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Muna tafiya zuwa ofis ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, wai gwiwarsa ta gode da kulawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya ce akwai hanyoyin kashe inji da yawa waɗanda ba sa bi ta gwiwa, kuma zai zo min ta inda ban zata ba.

Watan Oktoba ya kusa kamawa. Na soma shirya abin da zan ce wa Baba, na kasa haɗa ko jimlar farko.

Litinin, 6 ga Oktoba

Rubutun nan ko ni da kyar zan karanta shi gobe.

Mun tashi da hantsi. Mun haye shingen filin, muna hawa, sai inji ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Na saci kallon gwiwar. Hannunsa na nan a kai, ko motsi bai yi ba. Na ce a raina, wato ta nan ka biyo, tsoho, da ƙafa ka taɓa wani abu ko. Haushi ne ya kama ni, ba tsoro ba. Na tura sitiyari kamar mai ture ƙofar da ta ƙi buɗuwa, na ce yau sai ka rasa abin faɗa. Hanci ya sunkuya, gudu ya zauna daidai. Ga wani fili da aka yanke wa ciyawa, gaba kaɗan ta dama, kusa da gonar masara. Na nufe shi.

Malam bai ce "inji ya mutu" ba. Ban lura ba a lokacin. Na dai ga hannayensa suna yawo a kan makunnai, ya juya wannan ya danna wancan, yana magana da hasumiyar filin jirgi da sauri-sauri. Na ce lallai yau wasan kwaikwayo ya yi nisa, har da hasumiya aka haɗa baki. A gwaji, in mun kusa ƙasa, yakan mayar da totur ya ce ga injinki, mu haye. Ina ta jira. Muka yi ƙasa fiye da yadda muka taɓa yi. Na ga wani mai keke ya tsaya ya saki baki, har buhun da ke bayan kekensa na gani.

Na ce, "Malam, ya isa haka mana. Mayar da mai, ko sai mun shiga masarar mutane?"

Ya ce, "Babu abin mayarwa. Na karɓa, ɗauke hannunki."

Na ɗauke. Daga nan abin da na riƙe guntu-guntu ne. Ƙasa ta taso. Duka, tsalle, wani dukan, ciyawa na kartar cikin jirgi, tayar gaba ta faɗa rami ta karye, muka tsaya hanci a ƙasa wutsiya a sama. Shiru. Ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa. Malam yana rufe mai yana cewa in kwance bel in fita, in yi nisa.

A nan na ga hannayena. Duka biyun a dunƙule suke a ƙirjina, na ja su har gwiwar hannu ta daki kujera, farce ya shige tafi. Tun da ya ce babu abin mayarwa suke ja. Ba sitiyari a cikinsu, iska suke ja, amma da duk ƙarfina. Da a ce ya faɗi rabin maganar ya tsaya jan numfashi kafin ya ce in ɗauke hannu...

Bai gani ba. Idonsa na kan fili.

Talata, 7 ga Oktoba

Na zama gwarzuwa. Shugaban makaranta ya tara ɗalibai a rumfa, Malam ya tsaya ya ce abin da na yi da farkon lamarin shi ya sa muke tsaye da ƙafafunmu, wai ko gezau ban yi ba. Makaniki ya ce datti ne ya toshe bututun mai. Dogo sai kallona yake kamar yau ya fara ganina.

Baba kuwa, Allah sarki. Da farko zama kawai ya yi a bakin gado. Zuwa la'asar labari ya kai ƙarshen layi, kuma a bakinsa masarar ta zama daji, ni kaɗai na sauke jirgi Malam yana gefe yana salati. Inna ta matso kusa da ni. Ta kama hannayena ta buɗe, ta ga sawun farce, ta ɗauko mai ta shafa. Yau ba ta kira mutuwar inji daga kicin ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na gwada faɗa wa Malam. Na ce ni fa na zaci gwaji ne, na zaci shi ya kashe. Ya yi dariya, abin da ban taɓa gani ba, ashe har wushirya gare shi. Ya ce ai abin da ake nema ke nan, a yi ta gwaji har gaskiya ta zo ta tarar da mutum yana gwaji. Na buɗe baki in faɗi sauran, na ga yadda fuskarsa ta sake, na haɗiye.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mun tashi da ɗaya jirgin. Ya zare totur, na tura. Ya sake, na tura. Me zai hana, yana zaune a gefena.

Ya sa hannu. Laraba zan tashi ni kaɗai. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo an ba ni, ji nake kamar sammaci aka miƙo min.

Laraba, 15 ga Oktoba

Tun kafin in shiga jirgi na hango bokitin. Dogo ya cika shi har baki ya ɓoye bayan ƙofar rumfa, wai kada in gani.

Na tuƙa zuwa bakin titi. Jirgi ba Malam sai ya yi sakayau, bel ɗin kujerar dama a ɗaure ba kowa a ciki. Na gwada inji, alluran agogai duk suna inda ya kamata. Na yi karatun da baki, hanci ƙasa, gaba kawai, ba juyawa, muryata ta dawo min a kunne ita kaɗai. Hasumiya ta ba ni izini. Na kalli inda gwiwar take zama.

In ya yi tari yau, ba wanda zan zarga da wasa. Tun daga tarin farko zan san gaskiya ce. Kuma na san abin da hannayena ke yi in sun ji gaskiya, da idona na gani. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da muka sauka gefen masarar.

Na ce wa hasumiya ban yarda da injin ba, zan dawo. Makaniki ya tayar da shi ya saurara, ya sake tayarwa, ya ce shi dai bai ji komai ba, amma bayan abin da ya faru ba zai yi musu da kunnena ba. Ya kwance fulogai ya wanke. Aikin banza na sa bawan Allah da tsakar rana. Da zan tafi na ga mai shara yana goge daɓen rumfa da ruwan bokitin.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Iska ta hana tashi. Na yi hamdala, sannan na ji kunyar hamdalar.

Lahadi, 19 ga Oktoba

A motar haya, muna dawowa daga gidan Gwaggo, inji ya sarƙe a mahaɗa. Abin da mota ke yi kullum. Na ƙanƙame jakata a ƙirji har matar da ke kusa da ni ta tambayi ko ɓarawo na gani. Yanzu ba injin da ba na saurare, janareton maƙwabta, firjin Inna, babur ɗin mai burodi. Duk jira nake su yi tari.

Talata, 21 ga Oktoba

Yau har na hau titi. Na danna totur, jirgi ya zabura, farin layi yana shigewa ƙarƙashina, gudu ya kai, sitiyari ya yi sauƙi a hannu, saura in ɗaga kawai. Na zare totur na taka birki. Ban yanke shawara ba, gani kawai na yi na yi. Na fitar da jirgin gefe can kusa da ƙarshen titi na kashe shi, taya na warin ƙuna.

Malam da ƙafa ya tako, bai jira mota ba. Ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerarsa, bai tambayi inji ba. Sai na faɗa masa. Hannayen, farcen, komai. Har nuna masa na yi yadda suka yi.

"Kowa hannunsa ja yake so," ya ce. "Nawa ma. Har yau sai na tsawata masa."

Na ce to yaya ake sanin wanda hannunsa zai ji tsawa, tun kafin ranar ta zo. Ya ce ba a sani. Shi ma bai san nasa ba sai da ranarsa ta zo. Izinin da ya ba ni na nan bai janye ba, jirgi na nan har ƙarshen wata, amma ba shi da sauran abin da zai koya min daga kujerar dama. Na so ya yi min ƙarya. Mutumin nan ko don tausayi bai iya ta ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Baba ya sa an goge masa rigarsa ta fita unguwa. Wai ranar da zan tashi ni kaɗai zai zo ya tsaya bakin shinge, shi da abokansa, kada in kuskura in ɓoye masa ranar. Na ce to. Inna tana jera kwanuka, ta tsaya da ɗaya a hannu, ba ta juyo ba.

Da rana na ce wa Inna ta kira min mutuwar inji mana, yadda take yi da. Ta ce maƙogwaronta na ciwo.

Talata, 28 ga Oktoba

Na aika cewa ba ni da lafiya. Ba duka ne ƙarya ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na je da niyya, Allah ya sani da niyya na je. Sama tas, ko iska babu, irin ranar da ake roƙo. Jirgin na gaban rumfa an cika masa mai. Na zagaya shi na duba komai, fiffike, taya, farfela, na sake zagayawa. Sai ga wata sabuwar ɗaliba tana neman abin kunne na magana da hasumiya, nata bai iso ba, ga Malam yana jiran ta. Na cire nawa daga wuya na ba ta. Aro ne. Na gaya mata aro ne.

Malam ya hango ni daga nesa ya ɗaga hannu, na ɗaga masa. Ban ga bokiti a bayan ƙofa ba.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ba wani abin rubutawa. Dogo ya kira, wai akan bar mutum ya sake nema baɗi. Zan duba.

Da hantsi ina shanya a tsakar gida, Baba na zaune a kujerarsa yana gyaran rediyo. Sai ga ƙarar ƙaramin jirgi. Na makaranta ne, na san muryarsa, hawa yake yi. Baba ya ajiye rediyo ya kare ido da hannu.

"Duba-Sama, ga naku nan."

Na ce eh, Baba. Injin nake saurare, ina jiran ya yi tari, har ƙarar ta ɓace bayan gidaje. Bai yi ba. Sai na ga zanen da zan shanya a dunƙule a ƙirjina, ya jiƙa min riga har ciki. Ashe ban ɗaga kai ba. Rana ce ta yi ƙarfi yau, kuma kwana biyu wuyana yana min ciwo.

Baba ya daɗe yana kallona. Bai tambayi ranar tashin ba, bai tambayi komai ba. Can ya ɗauki rediyonsa, ya kira ni da sunana na yanka, a hankali, ya ce in na gama in miƙo masa sukundireba.

Na amsa, na miƙa masa.